Hannu Cikin Safa

Ba don wasa aka laƙaba mata Ba-Zama ba. Shekara talatin da uku ta yi tana wankin zannuwan gado a ƙaramin asibitin gwamnati da ke bakin titi, kuma ba wanda zai iya rantsuwa ya taɓa ganin ta zaune da rana tsaka hannu sake. A ƙasa take zuwa aiki, a ƙasa take dawowa, tafiyar awa guda, wai ita ƙafa ba ta shan mai. In ta iso gida kuma sabon aiki ne ke jiran ta: ga kaji, ga awaki biyu, ga ɗan lambun barkono a bayan ɗaki, ga girki, ga shara.

Tattalinta kuwa sai wanda ya gani. Ruwa ɗaya aiki uku yake yi a gidan: a yi ɗauraya da shi, a goge daɓe da shi, sannan a kai wa barkono. Guntayen sabulu ba ta yar da su, a tsohuwar safa take tarawa ta ɗaure baki su koma sabulu guda. Ashana ɗaya ce ta yini, domin da safe take rufe garwashi da toka, da yamma ta tono abinta. Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Faci saboda gyaran keke yake yi a gindin bishiyar bakin hanya, yakan ce in Ba-Zama ta jefar da abu, to ko tururuwa ba za ta ɓata lokacinta a kansa ba.

Shi Mai Faci Allah ya yi shi da sanyin jiki. Tayar keke ɗaya sai ya yi rabin awa yana juya robarta cikin ruwa yana neman inda take fitar da iska, mai keken na tsaye yana tsaki. Ita kuwa wuta ce. In ya ƙure ta da nawa sai ta ɗaga hannun hagu ta ce, "Malam, kai da wannan yatsa uwarku ɗaya, ubanku ɗaya." Ƙaramin yatsanta take nufi. Tun shekararta ta farko a asibiti murfin tukunyar dafa zannuwa ya faɗo masa ya karye, da ya warke sai ya sandare, ya karkace yana kallon gefe kamar ba ya cikin dangi. Ba ya damƙa, ba ya cuɗa, ba ya matsa. Malalaci take kiran yatsan. Mai Faci dai murmushi yake yi ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Abu ɗaya ne ta yarda ta sa wa rai a duniya, shi ne fansho. Kuma ba wani dogon buri ta ɗora masa ba. So take a sauya kwanon ɗakin da ke yoyo daidai saitin gado, ta kuma daina karɓar wankin maƙwabta, don gwiwoyinta sun fara yi mata magana. Ta ga yadda ta ƙare da maigadin asibitinsu: takarda ɗaya ya ɓatar, ya yi ta sintiri tsakanin ofis da ofis har ya koma ga Allah bai karɓi ko sisi ba. Tun ranar ta yi alkawari ba za a kama ta da wannan ba. Duk takardar da gwamnati ta taɓa miƙa mata, tun daga ta ɗaukar aiki har ta sallama, ta linke ta, ta naɗe a leda biyu, ta adana a gwangwanin biskit a ƙasan akwati. Duk ƙarshen wata sai ta fito da su ta shanya a inuwa saboda gara.

Da aka yi sanarwar tantance 'yan fansho a babban gari, ita kaɗai ta tafi. Mai Faci ya ce zai raka ta, ta ce kuɗin motar mutum biyu a kan aikin mutum ɗaya almubazzaranci ne.

Ofishin dogon ɗaki ne mai benci biyar da fanka ɗaya da ba ta juyawa. A ƙarshensa wata yarinya mai tabarau na zaune gaban kwamfuta. Ta karɓi takardun Ba-Zama, ta duba ɗaya bayan ɗaya, har ta ɗago kai ta dube ta.

"Mama, ban taɓa ganin takardu a kammale haka ba. Saura yatsa kawai. Ɗora babban nan."

Wata 'yar na'ura ce kamar gidan ashana, da gilashi a samanta, an manne ta a tebur da salatif. Ba-Zama ta ɗora. Wuta ta kawo ja. Ta goge yatsan a zane ta sake ɗorawa, ja. Aka gwada na kusa da shi, aka gwada na tsakiya, aka koma ɗaya hannun, duk kanwar ja ce. Da aka zo kan Malalaci yarinyar ta yi ta ƙoƙarin kwantar da shi a gilashin, ya ƙi, gefen farce kawai ke taɓawa. Ta danna shi da ƙarfi har Ba-Zama ta yi ƙara, sai ta ce a bar wannan, ba ya kwanciya.

Sannan ta juya hannayen ta duba cikinsu da kyau. Kan yatsun sumul suke, suna sheƙi kamar bayan cokali.

"Mama, wane aiki kika yi?"

"Wanki, 'yata."

"Shi ne. Sabulu da bilic ɗin da ake faranta zannuwa da shi sun cinye zanen yatsunki. Na'ura ba ta ganin komai."

"To ga ni a gabanki. Ga fuskata, ga hotona, ga takarduna."

"Ni na gan ki, Mama. Ita ce ba ta gan ki ba, kuma maganarta ake ji a sama." Yarinyar ta rage murya. "Duk wanda ba ta kama yatsansa ba, sunansa na shiga jerin waɗanda ba a gani ba, tare da matattu da ma'aikatan bogi. Fito da shi daga can kuwa, ba na yi miki fatan wannan wahalar."

Maigadin nan Ba-Zama ta gani ƙiri-ƙiri, da fayil ɗinsa a hammata.

"Amma saurara," in ji yarinyar. "Zane yakan dawo in an bar hannu ya huta. Saura sati uku a rufe, ranar Alhamis ƙarfe huɗu. Ki je gida. Kada ki taɓa ruwan wanki, kada ki taɓa sabulu, toka, igiyar rijiya, komai. Ki riƙa shafa mai safe da yamma. Ko yatsa ɗaya ta kama, ya wadatar."

Ka ji jarrabawa! Da cewa aka yi ta ɗauki dutsen niƙa a ka har babban gari, da ta ɗauka tana waƙa. Amma a ce ta zauna?

Da ta koma gida, Mai Faci ya saurari labarin har ƙarshe. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da safarsa guda biyu, ya shafe mata hannu da mai, ya zura mata su har wuyan hannu. Ya ce rumfar faci ta jira, daga yau aikin gida nasa ne. 'Yarsu ɗaya tilo tana aure a nesa, ga goyo ɗanye, Ba-Zama ta ce kada wanda ya kuskura ya tayar mata da hankali.

Aka kafa mata kujera a inuwar ɗaki. Daga nan take kallon gidanta yana lalacewa a gaban idonta. Ranar farko ashana huɗu ya ƙyasta kafin wuta ta kama. Ruwan ɗauraya kuwa ya ɗaga bokiti ya sheƙa shi a tsakar gida.

"Malam! Barkono fa?"

"Af, na manta."

"Ka manta! Gadon rijiya ka ci?"

Ya jiƙa sabulu ya bar shi cikin ruwa har ya narke rabi. Ya share tsakar gida ya tara sharar a bayan ƙofa, kaji suka baje ta. Ya ba awaki dusar kwana biyu a rana ɗaya. Ita kuma tana zaune da hannu cikin safa a kan cinya, tana ba da umarni kamar mai horon sabon ɗan aiki, zuciyarta na tafasa. Sau nawa ta zabura za ta fizge tsintsiya, sai ya tsaya ya dube ta kawai ya ce, "Ranar Alhamis." Ta koma ta zauna tana huci. Wata rana takaici ya ishe ta har ta fashe da kuka, ba don komai ba sai don ta ga ya shanya riga bai juya cikinta ba.

Gaskiya dai ba asarar sabulun ce ta fi cin ta ba. Tsoro ne. In tana aiki ba ta da sararin tunani, yanzu kuwa daga ita sai tunani. In zanen bai dawo ba fa? In sati uku bai isa ya gyara ɓarnar shekara talatin da uku ba fa? Ta ɗaga kai ta ga tabon yoyo a jikin rufi, ta tuna damina na tafe.

Kullum da safe, in rana ta ɗan ɗago, sai ta cire safar, ta ari tabaran Mai Faci, ta karkata yatsu wajen haske. Satin farko ba komai. A na biyu ta ga kamar wani abu, ta rasa ko idonta ne ke yi mata gizo. Mai Faci ya kawo dabara: ya lakato baƙin gindin tukunya da tsinke, ya shafa mata a babban yatsan dama, ya danna a bayan takardar kalanda. Suka haɗa kai suna leƙe. A tsakiyar baƙin tabon ga wasu 'yan layuka sirara, guda uku ko huɗu, sun lanƙwasa.

"Ka gani? Malam, ka gani ko?"

"Na gani. Suna tsirowa."

Daga ranar kowace safiya sai an buga a kalanda, tabo kusa da tabo. Zuwa tsakiyar sati na uku layukan sun fito a yatsu uku. Ba-Zama ta fara barin faɗa. Har ta yaba masa shara sau ɗaya, ya ce bari ya zauna kada jiri ya kwashe shi.

Ranar Laraba, ana gobe za ta koma, Mai Faci ya ɗora wake a babbar tukunya, wai ya dafa na kwana biyu don kada ta dawo daga gari ta tarar da gida ba komai. Ba-Zama na zaune kusa da murhu, ta cire safa tana duba yatsu. Ta lura dutse ɗaya na murhun bai zauna daidai ba, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga ƙarar kara na karyewa a bayan ɗaki. Akuya ta tsinke igiya ta faɗa lambu. Mai Faci ya yar da ludayi ya bi ta.

Itacen da ya tokare dutsen ya cinye. Dutsen ya gusa. Tukunya ta karkato, ruwan wake na tafasa ya fara zuba cikin wuta yana cuu.

Hali zanen dutse. Wallahi ba ta yi shawara da kanta ba. Kafin hankalinta ya iso, hannayenta sun riga sun isa. Ta cafe tukunyar gefe da gefe, ta ɗaga ta, ta dire ta a ƙasa a tsaye. Ko cikin cokali na wake bai zube ba. Har ta ɗan ji daɗin hakan, na ƙiftawar ido. Sannan zafin ya zo.

Da Mai Faci ya dawo janye da akuya, ya tarar da ita tsaye ta ware hannaye a gabanta tana kallon su. Kan yatsun sun yi fari fat, sun fara tasowa. Ya dubi tukunya, ya dubi safar a ƙasa, ya dube ta. Shekara arba'in suna tare bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

"Wake? Saboda wake? Sati uku, baiwar Allah! Ki bar shi ya zube mana! Wake ne fa!"

Ya ja ta zuwa bokitin ruwan da ya ɗebo, ya tsoma hannayen a ciki ya riƙe. Hawaye na zuba mata ta ce, "Na kashe kaina da hannuna, Malam. Ba wanda ya cuce ni. Maigadi takarda ya ɓatar, ni kuwa da kaina na ƙona tawa."

Ya ɗago ya dube ta. "Gobe za mu je."

"Mu je mu yi me? A ƙara asarar kuɗin mota?"

"Za mu je, kuma mu biyu. Wannan karon ba shawara nake nema ba."

Ranar Alhamis ofishin ya cika ya batse, duk wanda ya yi nawa sai ranar ya zo. Suka sami wuri a benci na ƙarshe. Hannayenta na naɗe da farin ƙyalle, ta ɗaga su sama saboda zugi. Sha biyu ta yi, wuta ta ɗauke, aka yi awa guda ana fama da janareta. Biyu ta wuce. Uku ta wuce. Ba-Zama ba ta iya kallon komai sai agogon bango. Saura kwata ƙarfe huɗu ta cika aka kira ta.

Yarinyar mai tabarau ta gane ta nan take, ta yi murmushi. Da Mai Faci ya warware ƙyallen sai murmushin ya ɗauke.

"Innalillahi! Mama, me ya same ki? Ba na ce ki huta ba?"

"Na huta, 'yata. Jiya ne."

Yarinyar ta zaɓi yatsun da ƙunarsu ba ta yi tsanani ba, ta ɗora a hankali. Ba-Zama ta cije leɓe. Ja. Wani yatsan, ja. Wani, ja. Mutanen baya suka fara gunaguni, wani ya ce in ba ta kamawa a ba wasu wuri mana. Shugaban ofishin, wani mai tumbi da makullai a hannu, ya leƙo ya ce saura minti goma ya kashe komai, shi ba ya ƙara ko daƙiƙa.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji yarinyar. "Ba yadda zan yi."

Ba-Zama ta fara janye hannu. Duk wannan abin Mai Faci na tsaye a gefe, ya sunkuya yana kallon na'urar irin kallon da yake yi wa robar taya cikin ruwa. Sai ya riƙe mata wuyan hannun hagu.

"'Yata, wannan fa?"

Malalaci ne. Yana nan a karkace yana kallon gefe. Ko da ta cafi tukunya bai taɓa ƙarfen ba, kamar yadda bai taɓa cuɗa zane ba tun da ya karye. Lafiyarsa ƙalau.

"Na gwada shi wancan karon, Baba. Ba ya kwanciya a gilashin."

"Abin nan da ƙusa aka kafe shi a tebur?"

"A'a, salatif ne."

"To, mu a wurin aikinmu, in bakin taya ya karkace ba ma karya shi. Famfon muke karkatawa ya same shi."

Yarinyar ta dubi shugaban. Ya ce kayan gwamnati ne, ba a taɓa ɗaga shi daga tebur ba. Ta dubi agogo, ta dubi hannayen Ba-Zama, ta sa farce ta ɓare salatif ɗin.

Mai Faci ya karɓi na'urar da hannu biyu. Ya goge gilashin da bakin rigarsa. Ya kai ta gefen yatsan, ya karkata, ya dawo da ita, ya sake karkatawa, a hankali, a hankali, kamar duniyar ba mai jiran sa. Saura minti biyar. Ja. Wani daga baya ya yi tsaki. Ba-Zama ta ji "yi sauri mana" ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta. Ya ɗan sunkuyar da gefe ɗaya. Ja. Ya ja numfashi, ya sa babban yatsansa a bayan nata ya tallafe shi, ya matso da gilashin ya kwanta a kan tsokar sosai.

Wuta ta kawo kore.

A fuskar kwamfuta zane ya fito ɓaro-ɓaro, layi bayan layi, kamar kunyoyin gonar da aka gama huɗa. Yarinyar ta danna wani abu da sauri, ta sauke ajiyar zuciya.

"Shi ke nan, Mama. An gan ki. Kina raye."

Ba-Zama ta tsaya tana kallon hoton. Ta ɗauka murna za ta yi, sai ta ji takaici, kuma ba ta ɓoye shi ba.

"Yatsu tara sun yi wa gwamnati wanki shekara talatin da uku har suka ƙare, ta ce ba ta san su ba. Wannan da bai taɓa cuɗa ko tsumma ba, shi ta shaida."

Shugaban ya shiga juya makullansa. Yarinyar ta naɗe mata hannayen da kanta, ta sa takardar shaida a gwangwanin biskit ta miƙa wa Mai Faci.

A motar komawa suna zaune a matse a kujerar baya, ita ta ɗaga hannaye sama, shi ya rungume gwangwani. Ƙaramin yatsan ya leƙo ta gefen ƙyalle yana nuna shi. Da suka yi nisa ta ce, "Malam, kai da wannan yatsa..."

"Na sani. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya."

"To, Allah ya yi wa iyayen albarka."

Ya juya yana kallon taga don kada ta ga idonsa. Can da aka kusa gida ta zungure shi da gwiwar hannu, ta tambaye shi ko ya rufe waken kafin su fito.